Man Fetur Kala Biyu a Hanyar Dosso

Tun da na dawo daga Dosso ban samu sukuni a ɗakin malamai ba. Duk wanda ya gan ni sai ya jawo kujera ya ce in ba shi labari. Wani ya ce ya ji ana sayar da fetur kala biyu a can, da gaske ne? Wani ya ce an gaya masa sojoji sun tsare ni a iyaka. Wani kuma so yake ya ji abin da ya ramar da ni haka a cikin kwana huɗu. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wuraren da bakina yake nauyin faɗa.

Sunana Garba, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Kebbi, gidanmu yana Nasarawa. Ƙanwata Rabi tana aure a Dosso, cikin ƙasar Nijar, wajen wani Bazabarme mai sayar da yadi, ana ce masa Hamani. Da ta haihu, mahaifiyarmu, Inna, ta bi motar kasuwa ta tafi suna, da niyyar ta yi mata sati biyu. Ana cikin sati na biyu wani mai fataucin albasa ya kawo mini wasiƙa daga Hamani. Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. An kai ta asibiti an ba ta magani, amma ta ƙi kwanciya a can. Maganarta ɗaya ce, a mai da ta gida.

Motata 'yar Faransa ce, ta hannu, na saye ta wajen wani likita da aka yi wa canjin wurin aiki. Shekara ɗaya ke nan da na iya tuƙi, kuma ban taɓa wuce Sakkwato da ita ba, can ma sai in hedikwatar ilimi ta kira mu. Don haka na yanke shawarar in biya ta Argungu in ɗauki Kawu Ɗantani, ƙanin Inna. Shi ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Nijar kafin idonsa ya yi rauni ya koma noman shinkafa a fadama.

Da yamma maƙwabcina ya ji inda za ni, sai ya ce, "Malam, ka san kuɗin mai can kuwa? Abin da za ka cika tanki da shi sau ɗaya, nan tunkiya za ka saya." Maganar ta zauna mini. Na je na cika jarkar ƙarfe biyu, na naɗe su da buhu, na kwantar a but ɗin mota, na rufe da tabarma. Na san haramun ne. Mulkin soja ake, kullum rediyo yana maganar masu fasa-ƙwaurin mai da abin da za a yi wa wanda aka kama. Amma na gaya wa kaina ni ba sayarwa zan yi ba.

Na isa Argungu da hantsi. Kawu ya riga ya ji labari, na tarar da shi zaune a ƙofar gida da jakarsa ta fata, ba komai a ciki sai sifana biyu, da wayar ƙarfe, da carbi. Matarsa ta ba mu fura a gora da busasshen kifi a kai wa mai jego. Ya shiga gaba ya ce, "Bismilla. Kai ka tuƙi, ni ka sauraro." Ban gaya masa abin da ke but ba.

Bazara ce, kafin mu kai Kangiwa rana ta yi zafi. Mun wuce garin kaɗan sai muka ga mutane tsaye a gefen hanya, sun kewaye wata mota da ta ƙone ƙurmus. Ba fenti, ba taya, kujerun sun zama waya. Kawu ya ce in rage gudu, ya leƙa ya tambaya. Wani dattijo ya ce jiya da azahar ne, jarkoki ne a ciki, ba wanda ya san abin da ya tayar da wutar. Direban bai samu fita ba. Muka yi masa addu'a muka wuce.

Daga nan duk ramin da na faɗa sai in ji man yana motsi a bayana. Na rage gudu. Kawu ya ɓare goro zai kai baki, sai ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Garba, tankinka na yoyo?"

"A'a, Kawu."

"To warin mi nika ji?"

Na ci gaba da tuƙi. Ya ce in tsaya. Ya fita da kansa ya buɗe but, ya yaye tabarmar. Zafi ya sa jarkokin sun kumbura, murfin ɗaya yana tsiyaya, buhun ya jiƙe. Ya juyo ya dube ni.

"Nan kaka so a kwantar da uwarka? Bisa wuta?"

Ya sauko da jarkokin. Muka zuba wa tanki abin da zai iya ɗauka, har ya cika ya taɓo baki. Sauran kuma muka hango wani manomi da injin ban ruwa a lambunsa, muka ɗauka muka nufe shi. Da ya ga mutum biyu da jarka suna zuwa, sai ya yar da fartanya ya shige cikin rake, ya ɗauka tarko ne aka kawo masa. Sai da Kawu ya yi ta rantsuwa kafin ya fito. Muka bar masa man da jarkokin duka, yana godiya yana waige-waige.

Na ɗauka shi ke nan na huta. A shingen ƙarshe bayan Kamba na gane ban huta ba. An gindaya ƙarfe a kan ganguna biyu, a gefe kuma mutum wajen takwas ne zaune a ƙasa cikin rana, ba riga, kowa da jarkarsa a gabansa. Wani mai kaki ya zo, bindiga rataye a kafaɗa, ya ce in buɗe but. Ya ɗauki buhun ya sansana.

"Ina jarkokin?"

Na ce babu jarka. Ya zagaya ya buɗe murfin tanki, ya ga mai yana ƙyalli a baki.

"Daga ina kake?"

"Birnin Kebbi."

"Tun daga Birnin Kebbi tanki bai sauka ba? Gidan man Kamba yau kwana uku ba mai. Cire takalmi ka zauna can."

Na zauna. Ban taɓa sanin ƙasa tana zafi haka ba. Wanda ke kusa da ni mutum ne mai furfura a gemu, ya ce shi tela ne, ɗinki ya mutu, jarka ɗaya yake ƙetarawa da ita a keke in ya samu dama, da ribar yake ciyar da gida. Ya yi maganar ba tare da ya juyo ya dube ni ba. Ya ce jiya an zo da babbar mota an kwashe wasu, ba wanda ya san inda aka kai su. Daga nan na daina ganin komai sai hanyar da motar za ta ɓullo. Na yi tunanin aikina, na yi tunanin a faɗi sunana a rediyo ɗalibaina suna ji, na yi tunanin Inna tana sauraron ƙarar kowace mota da ta wuce ƙofar gidan Hamani.

Kawu ne ya fid da ni. Ya cire hularsa, ya ɗauki wasiƙar Hamani ya je rumfar da babbansu yake, ya durƙusa, shi da a shekaru ya haifi mutumin. Babban nasu mutumin kudu ne, ba ya karanta Hausa, sai da aka kira wani ɗan sanda ya karanta ya fassara masa. Babban ya dube ni daga nesa, ya ce mu tafi, amma a rage man. Aka kawo tiyo da garwa, aka ce ni zan zuƙa. Na zuƙa, man ya cika mini baki har na haɗiye wani. Suka yi ta ɗiba sai da allura ta sauka ƙasa da rabi. Kwana biyu ina gyatsar fetur.

Ɓangaren Nijar wata duniya ce. Mun tarar da ofis a rufe, wai su in rana ta take sai kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, ba a dawowa sai wajen la'asar. Muka zauna ƙarƙashin bishiya muka sha fura. Da jandarman ofishin, wato ɗan sandansu, ya dawo sai ya sara mini, ya kira ni mushe, wato malam da Faransanci, ya karɓi takardu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa na kunna fitila, na danna oda, na taka birki yana kallo ta baya. Bai ɗaga murya ba, bai yi murmushi ba. Namu suna yi maka tsawa, ka san inda ka tsaya da su. Wannan kuwa shirunsa ya fi ba ni tsoro. Kawu ya gaishe shi da Zabarmanci, ya haɗa da kalmomin Faransanci uku da ya rage masa, aka buga mana hatimi.

A Gaya muka kwana, gidan wani tsohon abokin Kawu, Bakabe ne, jinin Kabawan Argungu, masunci da kakanninsa suka biyo kogi suka zauna can. Aka ba mu tuwon masara da miyar kifi, ni dai komai na sa a baki fetur nake ji. Da safe muka tsaya wajen mai shayi, sai na ga ba shayi ake sha ba, gahawa ce da madara mai kauri a babban kofi, ga burodi dogo kamar sanda, mai tauri a baya. Wajen biya na kusa yin faɗa. Mutumin ya ce ɗari, na ba shi sefa ɗari, ya ce da saura. Ashe su da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, ɗarinsu ɗari biyar ce a rubuce. Kawu ya yi dariya, karo na farko tun Argungu, ya ce malamin lissafi ya faɗi jarrabawa.

Mun shiga Dosso kafin azahar. Rabi ta tare mu da kuka, jaririya a kafaɗa. Inna tana kwance a kan katifa a ƙasa, bakinta ya karkace, hannun hagu yana ajiye a gefenta kamar ba nata ba. Da ta ga ƙaninta sai hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Maganarta ba ta fita sosai, amma mun ji abin da ta ce: "Gobe." Hamani ya yi iya ƙoƙarinsa, mutumin kirki ne, ya ce mu bari ta ƙara kwana biyu. Ta girgiza kai. Rabi ba ta gama wankan jego ba, ba halin ta biyo mu.

Da la'asar na bar Kawu wajen 'yar'uwarsa na fita neman mai ni kaɗai, don abin da ya rage ba zai kai mu ko rabin hanya ba. To, ga amsar masu tambaya. Gidan man tsaf yake, ba layi, ba turereniya, ba wanda ke ihu. Famfon fetur biyu ne, ɗaya da jan fenti, ɗaya fari, kowanne da lamba rubuce a jikinsa, ta jan ta fi girma. Mai zuba man magidanci ne da shuɗin kaki.

"Mushe, sufa ko odine?"

Na ce fetur nake so.

"Duka isansi ne," in ji shi. Haka suke kiran fetur. Ya nuna jan, shi ne sufa, sannan ya nuna farin, shi ne odine. "Wanga ya fi ƙarfi, wanga na tsohin motoci ne da babura. Buɗe in gani."

Na buɗe masa bonet, ya leƙa, ya ce, "Wagga sufa taka sha."

Na tambayi kuɗi. Da ya faɗa sai na juya shi zuwa naira a kaina, na sake juyawa don ban yarda da amsar farko ba. Abin da ke cika mini tanki a Birnin Kebbi, a nan ko kwata ba zai ba ni na mai arhar ba, jan kuma ya ɗara shi. Na tuna gida, famfo ɗaya ne, motar kwamishina da injin niƙan unguwarmu duk abu ɗaya suke sha. Na ce a raina wannan dabara ce ta cin kuɗin baƙo, ya ga lambar Nijeriya. Ina da kuɗin da zai sayi jan, ba zan yi ƙarya ba. Zuciyata ce ta ƙi. Na ce ya zuba farin.

Bai yi musu ba. Yana rufe murfin ya ce, "In haka ne, kar ka taka ta da rana."

Mun tashi bayan asuba. Aka shimfiɗa bargo a kujerar baya aka kwantar da Inna, Kawu ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa. Da sanyin safiya motar tana tafiya lafiya, har na fara jin daɗin wayon da na yi. Wajen ƙarfe goma, rana ta ɗaga, muka zo wata 'yar hawa, na taka totur. Sai na ji ƙara daga gaba, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Na ɗaga ƙafa, ta yi shiru. Na sake takawa, ta dawo.

"Mi ag ga nan?" in ji Kawu daga baya.

Na ce wataƙila wani ƙarfe ne ya kwance. Na ci gaba. Ƙarar ta ƙaru, motar ta rasa ƙarfi, allurar zafi ta fara hawa tana neman ja. Kawu ya ce in sauka gefe in kashe. Da na kashe ma injin bai mutu nan take ba, sai da ya yi ta kakkarwa shi kaɗai, kamar kazar da aka yanka, kafin ya tsaya.

Wurin ba gari, ba rijiya, ba inuwa sai ƙananan sabara. Ko mota ɗaya ba ta wuce ba. Cikin motar ya zama tanda. Muka buɗe ƙofofin huɗu, na cire babbar rigata na rataya ta tare rana. Inna tana numfashi da baki, gumi yana bin wuyanta, Kawu yana ɗiga mata ruwa da murfin gora, rabi yana zubowa ta gefen da ya shanye.

"Garba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "wane ka sha jiya?"

"Farin."

"Mai man bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ba ta ruwa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Ina tsaye a nan sai na ji an ce, "Garba." Inna ce. Ni ne ɗanta na fari, tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a gabana ko a bayana. In tana son magana da ni sai ta ce da wani, ka ce wa wancan. Da na ji sunana a bakinta sai na tabbata wasiyya za ta yi. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"Kar ka bar ni nan."

Na ce ba zan bar ta ba. Ban san da me zan cika maganar ba.

Da injin ya huce, Kawu ya ƙara ruwa a lagireto daga wanda muke sha. Ya ce shi injin gas na babbar mota ya sani, ba zai taɓa abin da bai sani ba, amma in tayar in sa ƙaramar giya, in taɓa totur kamar ina taka ƙwai. Haka muka yi ta rarrafe, idona ɗaya a hanya ɗaya a allura. Da ta kusa ja sai mu tsaya. Sau uku muna tsayawa. Ruwan gora ya ƙare. A tsayawa ta uku Inna ta daina amsawa in an kira ta, idonta a rufe, sai ƙirjinta da nake kallo ta madubi in ga ko yana motsi.

Azahar ta gota muka shiga wani ƙauye mai 'yar kasuwa a bakin hanya. Kafin in gama tsayawa wasu mata sun leƙo sun ga wadda ke kwance. Ba su tambaye mu ko mu su wane ne ba, ba su nemi izinin kowa ba. Suka kawo tabarma suka ɗauke ta su huɗu zuwa wani zaure. Wata tsohuwa da ba ta jin Hausa ko kaɗan ta jiƙa zane ta lulluɓe ta da shi, ta zauna tana yi mata fifita tana magana da ita da Zabarmanci. Aka kore mu waje.

Makanikin garin yana ƙarƙashin dogon yaro, ana ce masa Sumana, yatsunsa biyu na hannun dama babu. Ya ce in tayar, ya ja totur da hannu sau ɗaya, ya ce in kashe. Ya kwance filogi ya nuna mini, bakinsa ya yi fari fat, ya fara narkewa.

"Odine ka ba ta," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Na ce to ai duka fetur ne, mene ne bambancin? Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi mini bayani, kuma ban taɓa jin malami ya fayyace abu haka ba. Ya ce injin yana matse mai a cikinsa, sannan filogi ya ba shi wuta. Mai mai babbar lamba yana da haƙuri, duk matsar da aka yi masa zai jira filogi. Mai ƙaramar lamba ba ya jira, in matsi ya yi yawa ga zafi sai ya kama da kansa tun fistin, ƙarfen da ke matse shi, bai gama hawa ba, ya buge shi a ka. Ƙarar da na ji ke nan. Injina mai matsi ne sosai. Na ce to me ya sa a gida ba ta yi? Ya ce namu na Nijeriya kala ɗaya ne, amma lambarsa tana tsakiya, ta fi kusa da sufa. Kawu ya ce lalle, da can mu ma kala biyu gare mu, daga baya aka haɗe.

"Da kun ƙara tahiya kaɗan," in ji Sumana, "da fistin ya huje. Sai dai a jawo ku."

Ya ɗauki ƙusa ya yi zane a gindin distiributa, mai raba wa filogi wuta, don a gane inda take, ya sassauta noti ya juya ta kaɗan. Ya ce ya jinkirta wutar, motar za ta yi nauyi kamar jaki mai kaya, amma bugun zai ragu. Ya sa filogi na hannu. Sannan ya ce a samo mai mai kyau a gauraya da na tankin. Na ce ina za a samu sufa a nan? Ya nuna mini bakin hanya, inda aka jera kwalabe a kan tebura, rana tana haska su.

Muka je wajen na farko. Sumana ya zuba kaɗan a tafin hannunsa ya hura. Hannun ya rage da maiƙo. Ya goge a wando ya ce da mai shi, "Ka sa kananzir." Mutumin bai ko musa ba. A tebur na biyu ya sake zubawa, nan take ya bushe, fatar ta yi fari. Ya ce wannan. Na tambayi mai kwalaben daga ina man yake, ya yi dariya ya ce, "Naku ne, Alhaji. Shekaranjiya ya ƙetaro." Na biya kuɗin man garinmu ninki ban san nawa ba, duk da haka bai kai farin da na sha a Dosso tsada ba. Ina riƙe da mazurari ana juye kwalaben, telan nan na shinge ya faɗo mini a rai.

Da muka koma zauren, Inna ta buɗe ido. Tsohuwar ta ba ta kunu da cokali, ta sha kaɗan. Na ciro kuɗi zan ba matan, tsohuwar ta ture hannuna ta faɗi wata magana da kaushi. Kawu ya ce cewa ta yi in mai da hankali ga tuƙi.

Sauran hanyar ba abin da na fi tsoro kamar agogo. An ce mana ana rufe iyaka da magariba, kuma motar ta ƙi gudu, in na matsa mata sai in ji alamar ƙarar nan daga nesa, in yi maza in ɗaga ƙafa. Kekuna ne kawai ba su wuce mu ba. Mun bar Gaya rana ta yi ja. Jandarman ya sake duba takardu ɗaya bayan ɗaya kamar bai taɓa ganinmu ba, ni kuwa ina jin kamar in yi kuka. Da muka iso shingenmu, mai kakin nan ne dai na shekaranjiya. Ya gane ni. Ya taho yana cewa in buɗe but, sai ya leƙa baya ya ga Inna kwance a cinyar Kawu. Ya tsaya. Ya ce, "Mama, sannu." Ya koma da kansa ya ɗaga ƙarfen. Na dubi wurin da muka zauna, ba kowa, sai jarkoki jere. Ban iya tambaya ba, har yau kuma ban san inda aka kai telan ba.

Mun kwana a Kamba gidan wani ɗan'uwan matar Kawu. Da safe aka ce mai ya zo, layi har ya zagaya kasuwa, ana zage-zage ana hawa kan juna. Ban taɓa jin daɗin ganin layin mai ba sai ran nan. Mutane suka ga mara lafiya suka buɗa mana. Kawu ya ciro sifanarsa ya mai da distiributa daidai zanen ƙusar Sumana, motar ta dawo hayyacinta. Muka biyo ta Bunza da Kalgo, kafin azahar muna Nasarawa. Ni da Kawu muka ɗauke ta muka shigar da ita ɗakinta, ta ce a ba ta ruwan randarta.

Yanzu sati uku ke nan. Hannun bai dawo ba, amma magana tana fita, tana zama in an jingina ta. Kawu ya koma Argungu, bai gaya wa kowa komai ba, ko matarsa. Shekaranjiya na shiga gaishe ta na tarar da matan unguwa sun zo dubiya, suna tambayarta yadda ta sha hanya. Na ji tana ce musu lafiya lau aka zo, motar wancan ko sau ɗaya ba ta tsaya ba.

Da suka fita na zauna a bakin gado na ce, "Inna, ai mun tsaya. Kuma ni na ja."

Ba ta dube ni ba. Ta gyara hannun hagun da na dama, ta ɗora shi a cinya.

"Na sani," ta ce. "Ina ciki. Kai dai ka kawo ni."